Ogan-bat ɗin da muka saya don aikin hanjin ɓera, bayan wata uku

Masu aikin famakoloji (binciken yadda magani ke aiki a jiki) da ke ta tambayata kan ogan-bat mai kofi biyu da lab ɗinmu ya saya wajen wani dila, to ga bayani. Ogan-bat dai inji ne da ake rataye yankin naman da aka ciro daga dabba, kamar hanji, cikin kofin ruwa mai ɗumi don a auna motsinsa. Aikina kan indometasin ne, maganin ciwo da kumburi, Indocid dai da mutane ke barbaɗawa a abinci su kashe ɓeraye a gida, mu kuma allura muke yi wa ɓerayen Wistar (wani nau'in ɓeran gwaji) a ƙarƙashin fata, miligiram 7.5 kan kowane kilo na nauyin ɓeran sau ɗaya a rana har kwana biyu, maganin ya hana jiki haɗa furostagilandin, sinadarin da ke kare bangon hanji, sai ƙaramin hanji ya kumbura ya yi gyambo.

Inda injin ya burge ni wallahi shi ne jin motsi. Lafiyayyen hanji ai ko wane inji zai nuna maka tsukewarsa, amma wanda magani ya ci, a wajenmu dai motsinsa ya yi rauni sosai, ka ɗiga asetilkolin, sinadarin da ke sa hanji tsukewa, ya ɗan tsuke kamar ba ya so, kuma wannan ɗan motsin sai ga shi raɗau a kwamfuta ba sai ka matse ido ba. Kofi biyun ma sun taimaka, mai lafiya a nan mai ciwo a can, ruwan Tyrode (ruwan sinadaran da ke riƙe naman da rai) ɗaya lokaci ɗaya, da ka zuba atrofin, maganin da ke toshe aikin asetilkolin, ka ga duka layukan motsin da ke kwamfuta sun kwanta.

Matsalar hita ce. Dole ruwan ya tsaya a digiri 37, shi kuwa da an ɗauke wuta zafin sauka yake yi da sauri, kafin a tada janareta hanjin ya canza hali, awa guda da ka yi kana jira ya daidaita ta tafi a banza. Sau biyu hakan ta same ni kuma abin ya min ciwo, don ran dabba aka ɗauka saboda yankin hanjin nan, bai kamata ya tashi ba sakamako ba. Ƙugiyar rataye naman ma siririya ce, ɗaya ta lanƙwashe tun satin farko, dilan ya canza mana amma sai da muka yi ta bin sa a waya.

Ni zan sake sayen sa, amma duk wanda zai saya ya sa kuɗin inbata da batir cikin lissafi tun farko, kuma ya ce a ƙaro masa ƙugiyoyi.