Lambar da ke jikin tsohuwar libarba

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Kun sha jin labarin yawan bindigogi a Amurka, ba shi zan maimaita ba. Abin da na gani a wani shagon kayan tarihi a jihar Ohayo ne ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aikina Bature mahaifinsa ya rasu, ya bar masa tsohuwar libarba naɗe cikin tsumma, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma. A gidansu ana cewa kakan kakansa ya je da ita yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Ya ce in raka shi wurin masani. Tun kafin mu je haushi ya kama ni: sai an nemi rana ta waya, sai an biya kuɗin dubawa kafin a ɗaga tsumman, kuma ko ruwa ba a ba baƙo. A kasuwar Kurmi da tuni an turo maka benci, mutum biyar sun faɗi nasu kyauta.

Amma da dattijon ya fara aiki, sai na yi tsit. Farko ya leƙa ramuka shida da ake ɗura albarushi a ciki da tocila, ya ce irin waɗannan sukan shekara fiye da ɗari da ɗuri a ciki, kuma albarushin yana iya tashi. Sannan ya ɗauko madubin ƙara girma. Bututunta mai kusurwa takwas ne, a samansa an rubuta sunan Samuel Colt, mai kamfanin da ya ƙera ta. A jikin gangar da ke juyawa akwai zanen jiragen ruwa, ya dushe amma yana nan, na yaƙin Kamfece na 1843 tsakanin jiragen Teksas da na Meksiko. Ya ce wannan ita ce Colt Navy samfurin 1851, wadda aka yi ta ƙerawa har 1873.

Bai tsaya nan ba, domin tun wajen 1959 maƙeran Italiya, irin su Uberti, suke yin kwafinta, wasu kuma su tsofar da ita da gangan don su cuci mai saye. Ya nemi hatimin gwajin Italiya, babu. Ya bi lamba a ƙasan bututu, da jikin bindigar, da ƙarfen da ya kare kunama, da gangar, duk iri ɗaya, wato ba haɗe-haɗe ba ce. Ya buɗe littafi, lambar ta faɗa 1862. Abokina har ya fara murna, dattijon ya dakatar da shi: lamba shekara take faɗa, ba ta faɗin hannun da ya riƙe. In yana son ƙari, kamfanin Colt yana da sashen adana tarihi, a biya su bincika ranar da aka aika da ita da wanda aka aika wa. Wallahi wannan gaskiyar ta fi komai burge ni.

Ya kuma gode wa Allah ba a goge ta ba. Wai baƙin tsufan nan shi ne darajarta, wanda ya dirje ta ya zubar da kuɗi da tarihi tare.

Nan ne gida ya faɗo mini. Mu da sallah ta gabato sai a ɗauko takobin kaka ko bindigarsa a bi ta da toka da lemon tsami har rubutu ya ɓace, in an gaji da ita kuma a miƙa wa 'yan gwangwan a kilo. Alhali da yawa cikin tsofaffin bindigogin da suka shigo ƙasarmu ƙirar Bamingam ne ta Ingila ko Liyej ta Beljiyam, kuma suna da hatimi. Na Liyej haruffa ne uku, ELG, cikin da'ira mai siffar ƙwai, in da kambi a sama to daga 1893 ne zuwa gaba. Wa ya taɓa dubawa? "Ta kakanmu ce, ta ga yaƙi," shi ke nan, ba shekara ba suna.

Na kira ƙanena a daren na ce bindigar da ke rataye a ɗakin Baba kada wanda ya goge ta ko ya gwada harba ta. Na ce ya ɗauki hoton kowane hatimi, sannan ya zauna da Gwaggo ya rubuta duk abin da ta sani a kanta, tun tana da ƙarfin ba da labari.