Labarin tsoho mai mita: na takarda, na waya ko na sauraro?

Akwai irin labarin da ba na gajiya da shi: dattijo masifaffe, mai korar yara daga dakalin ƙofar gida, mai faɗa da ɗan garuwa a kan canji, sai kin yi nisa ki gane tun ranar da aka kai matarsa makwanci bai ƙara jin daɗin tuwon kowa ba. In irinsa kike nema a Kano hanya uku ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, na takarda nake so.

Ki shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi wajen masu littafi. Sun ragu, ba kamar shekarun 1990 ba da har haya ake bayarwa a cikin unguwa, amma suna nan. Labarin tsoho ba a yi masa gaggawa. Wurin da zai buɗe akwatin marigayiya ya tarar zanenta bai bar ƙamshin turaren wuta ba, za ki so ki kife littafin a cinya, ki share ido, ki koma baya. Ba ruwanki da caji, in kin gama ki miƙa wa Umma.

Sai dai in littafin kashi-kashi ne, kada ki biya kuɗin na ɗaya sai kin riƙe na ƙarshe a hannu, don akwai littattafan da na ukunsu bai taɓa fitowa ba. Ki ce, "Malam, ba ni in duba," ki buɗe tsakiya ki bi lambobin shafi. Na satar fasaha ba ya ɓuya: bango dishi-dishi, tawada ta koɗe, shafi ɗaya ya fito sau biyu.

Na sauraro a YouTube kuwa, ana tsakiyar ta'aziyya talla za ta faɗo. A bar shi.

Na waya shi ya taɓa ƙona ni. Na tura wa wata kuɗi, na aika shaidar biya, ta sa ni a gurup na WhatsApp. Kullum shafi biyu, har aka kwantar da tsohon a asibiti yana kiran sunan matarsa, sai ga sanarwa wai ragowar na 'yan VIP ne, a ƙaro kuɗi. Na yi magana, ta cire ni. Ashe ma ba ita ta rubuta ba, kwafowa ta yi ta goge sunan mai shi. Don haka ki tambaya tun farko, kammalalle ne? Ki duba ko sunan asusun bankin ya yi daidai da na marubuciyar. Mai cewa "yau kawai za a yi ragi", ki gudu. Ko manhaja ba ta da tabbas, OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a 2023.

Har yau ban san ko tsohon nan ya tashi daga gadon asibitin ba.