Gilashin Nikon L35AF a jikin Bessa R2: yadda na samu aikin sauya masa mazauni

Kyamarar da zan yi magana a kanta ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa da rahama. Nikon L35AF ce baƙa, ya sayo ta a Jidda shekarar da ya sauke farali, kuma da ita aka ɗauki mafi yawan hotunan suna da na biki da ke cikin albam ɗin gidanmu a Birnin Kebbi. Bayan rasuwarsa an ajiye ta a akwatin ƙarfe da batura 2 a cikinta, babu wanda ya tuna ya cire su, har ruwansu ya zuba ya cinye wayoyin ciki. Da na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kyamara da agogo a kusa da babbar kasuwa, ya kwance bayanta, ya ɗaga ta ya duba a hasken ƙofa, sannan ya ce mini: "Ɗana, jikin ya tahi, amma ijiyar lahiya lau take." Na ce masa, "To Baba, ijiyar kaɗai tana da amfani?" Ya ce ya taɓa jin ana ɗora irinta a kan wata kyamarar, amma shi ba shi da injin sassaƙa ƙarfe da zai yi wannan aiki. Daga wannan magana na fara neman wanda zai cire gilashin ya yi masa sabon mazauni, domin in ɗora shi a kan Bessa R2 tawa, kyamarar fim ta Voigtländer mai ma'aunin nisa da mazaunin Leica M.

Gilashin, wanda masu hoto ke kira lens, ya cancanci wahalar. L35AF ta fito a 1983, ita ce ƙaramar kyamara ta farko da Nikon ya yi mai saita nisa da kanta, kuma gilashinta mai milimita 35 ne, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/2.8, an haɗa shi da ƙwayoyin gilashi 5 a rukuni 4 bisa tsarin Sonnar. Ɗora irin wannan gilashi a kan kyamara mai ma'aunin nisa, wato renjifainda, ba baƙon abu ba ne, domin kamfanonin da kansu sun yi. Ricoh ya fitar da gilashin GR1 mai milimita 28 a mazaunin Leica mai tiredi, wato wanda ake murɗa gilashi a cikinsa, a 1997, Minolta ma ya yi haka da G-Rokkor na kyamarar TC-1 a 1998, guda 2,000 kacal. A Japan kuwa Sadayasu Miyazaki na MS Optics ya yi suna a wannan sana'a. Ni dai aljihuna bai kai can ba. Ƙanena da ke zuwa sari ƙasar Sin ne ya kai kyamarar wani ƙaramin shago da ke irin wannan aiki, kuma aikin wannan shago ne nake auna wa masu karatu a nan.

Kafin a yaba ko a kushe, ya kamata a san abin da ake nema daga mai aikin, domin yawancin masu talla a intanet ba sa bayyana shi. Abu na farko shi ne tazara. A mazaunin Leica M, wanda ya fito tare da M3 a 1954, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fim milimita 27.8 ce, a tsohon mazauni mai tiredi kuma 28.8. Idan gilashi ya zauna gaba da inda ya dace ko da kaurin takarda ne, abin da ke can nesa ba zai taɓa fitowa tas ba. Wannan kowane ƙwararren mai sassaƙa ƙarfe zai iya cim masa da siraran zobba da haƙuri.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne haɗa gilashin da ma'aunin nisa. A cikin bakin kyamarar, daga sama, akwai wata 'yar ƙaramar taya a kan hannu, kuma bayan gilashin ne ke tura ta yayin da ake juya zoben saiti. Motsin tayar nan shi ke matsar da hoto na biyu da ake gani a tsakiyar tagar leƙe, har ya hau kan na farko su zama ɗaya, a nan ne mai ɗauka zai san saiti ya yi. To, an gina wannan ma'auni ne bisa motsin gilashi mai milimita 51.6. Irin wannan gilashi, daga can nesa zuwa mita 1, yana fitowa gaba da kusan milimita 3, alhali mai milimita 35 bai wuce kusan 1.3 yake fitowa ba. Ke nan dole mai aiki ya sassaƙa gangare a bayan zoben, yadda ƙwayoyin gilashi za su yi tafiyarsu gajera, tayar kuma ta yi tata doguwa, su biyun su dace a kowane nisa. Wanda ya kasa wannan sai ya sayar da gilashin ba haɗi, ya ce a riƙa kintatar nisa da ido. Na gaya wa ƙanena tun farko cewa idan ba za a yi haɗin ba, ya dawo mini da kyamarar yadda take.

Sharaɗi na biyu da na kafa shi ne ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa, kuma ina jan hankalin duk wanda ke zaune a ƙasarmu a kan wannan. A irin waɗannan ƙananan kyamarori, ganyayen ƙarfe iri ɗaya ne ke aikin labule, wato abin da ke buɗewa ya rufe idan an danna ɗauka, da aikin ƙofar haske, lantarki ke sarrafa su, saboda haka idan an ciro gilashin, tsirara yake fitowa. Wasu shagunan suna barin sa haka a buɗe a f/2.8 domin aikin ya yi araha. Wannan zai iya yi wa mutumin da ke ƙasar gajimare, amma ba zai yi a ranar Kebbi ba. Da tsakar rana, fim mai ƙarfin 400 yana bukatar f/16 da saurin labule 1/500 na daƙiƙa. Idan ƙofar ta tsaya a f/2.8, saurin da ake bukata ya kai wajen 1/16000, ga shi Bessa R2 tawa iyakarta 1/2000, yawancin Leica masu fim kuma 1/1000. Ko an koma fim mai ƙarfin 100 lissafin bai fita ba. Gilashin da ba shi da ƙofar haske a nan, sai dai a jira la'asar sakaliya ko a shiga zaure.

Bayan mako 11 gilashin ya iso, a cikin ɗan kwali da marfi gaba da baya, tare da gawar kyamarar a leda, abin da na ji daɗinsa domin ban so a jefar da ita ba. Mazaunin na tagulla ne da aka yi wa farin rufi, jikin kuma alminiyam baƙi. Ya shiga bakin Bessa ya kulle da ƙara ɗaya, ba ya girgiza, ba ya kuma bukatar ƙarfi. Ƙanƙantarsa ce ta fara burge ni, domin kaɗan ya ɗara marfin kyamara tudu, har kyamarar da gilashin suna shiga aljihun gefe na kaftani. Kafin in danna komai na buɗe bayan kyamarar, na riƙe labulen a buɗe, na juya zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe ina kallon ƙwayar baya, domin gilasan ƙananan kyamarori suna zama kusa da fim ƙwarai, kuma labulen Bessa na siraran ganyayen ƙarfe ne da taɓawa ɗaya za ta lalata. Akwai sarari isasshe. Zoben saitin yana da ɗan maɗauri na yatsa a ƙasa, yana tafiya sumul, giris ɗin bai yi kauri ba bai kuma tsinke ba, ko da kyamarar ta yini cikin zafin watan Afrilu. A Bessa R2 da hannu ake zaɓen layin firam, wato layin da ke nuna iyakar hoto a tagar leƙe, don haka na tura shi kan 35 kawai.

Zoben ƙofar haske kuwa bai kai sauran aikin ba. Siriri ne, yana can gaba, ba ya tsayawa daki-daki, kuma lambobin daga f/8 zuwa f/16 sun cunkushe wuri ɗaya, ta yadda ɗan gogawar yatsa kan sauya haske ba tare da mutum ya sani ba. Da yake Bessa tana auna hasken da ya ratso gilashin ne, fitilun cikin taga suna nuna mini idan ya goce, amma mai kyamarar da ba ta da ma'aunin haske zai sha wahala.

Babban aibin ya bayyana ne a fim na farko. Na ɗora kyamarar a kan ƙafa uku a tsakar gida, na shimfiɗa tef ɗin awo na tela a kan tabarma, na tsayar da kwalin ashana a daidai mita 1, na jera wasu a gabansa da bayansa da tazarar yatsu 2 tsakani. Na saita a kan rubutun kwalin tsakiya har hotuna biyun suka haɗe, na ɗauka a f/2.8. Na maimaita a mita 2 da mita 5, sannan na hau soro na ɗauki hasumiyar masallacin unguwa. Da na wanke fim ɗin, Ilford HP5 ne, na duba nagetif da madubin ƙara girma, hasumiyar ta fito tas, mita 5 ma babu laifi, amma a mita 1 kwalin da ke gaba ne ya fito da kaifi, wanda na saita a kansa ya yi dishi-dishi. Ma'anar wannan ita ce idan na ɗauki fuskar mutum daga kusa, hancinsa zai fito, idanunsa su ɓace. Gangaren ne ba a sassaƙa daidai ba ta ɓangaren kusa. Raina ya ɓaci sosai, domin wannan haɗi shi ne abin da na biya kuɗi mafi yawa a kansa, kuma gwajin da na yi da kwalin ashana bai fi ƙarfin shagon ba kafin su sallami kaya.

A nan kuma dole in yi musu adalci. Da ƙanena ya tura musu hoton nagetif ɗin da tef ɗin awo a ciki, ba su yi musu ba, ba su ce kyamarata ce ta goce ba, ko da yake na riga na tanadi amsa, domin na yi gwajin da wani gilashina mai milimita 50 ya fito daidai. Sun karɓa sun gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai gilashin ya sake yin wata 2 a hanya, jiran tafiyar ƙanena ta gaba. Da ya dawo na sake jera kwalayen, wannan karon rubutun kwalin tsakiya ne ya fito, daga kusa har ƙarshe.

Sai bayan haka na san abin da mahaifinmu ya riƙe shekara da shekaru. Na tafi Argungu wata safiya cikin hunturu, ba lokacin bikin kamun kifi ba, na sauka bakin Matan Fada inda masunta ke shirin shiga ruwa da gora da homa. Wani saurayi yana zaune a kan gorarsa yana ɗinke homar da ta yage, na nemi izininsa, na tsuguna kamar taku 2 daga gare shi, na saita a kan yatsunsa a f/4. A hoton ana iya ƙirga ƙullin zaren ɗaya bayan ɗaya, ana ganin jiƙar da ta hau hannun rigarsa, bayansa kuma ruwa da hazo sun narke cikin juna a hankali ba tare da kaushi ba. Kusurwoyin sun ɗan yi duhu, kuma wannan duhu na san shi, domin yana cikin hoton sunan ƙanwata da na yayyena a ranar hawan salla. Ɗabi'ar gilashin ce tun asali, tana raguwa idan an tsuke ƙofar zuwa f/8 amma ba ta gushewa gaba ɗaya. Bambancin shi ne a da kyamarar ce ke zaɓar inda za ta saita da yawan hasken da za ta sha, yanzu kuwa ni ke zaɓa. Idan rana tana gaba kai tsaye hoton yana yin fari-fari, baƙin ya rage ƙarfi, kuma sabon jikin ba shi da tiredin da za a ɗaura rumfa ko matatar haske, alhali kyamarar asali tana da na milimita 46. Wannan rashi ne na gaske da ya kamata a ce sun yi tunaninsa. Da tafin hannu nake yi masa inuwa.

Ƙura ma abar lura ce. Bayan gilashin a buɗe yake, ganyayen ƙofar haske suna nan a fili, kuma giris yana kama ƙurar hunturu. Bayan tafiyar Argungu na ji ɗan ƙaras-ƙaras a zoben saiti, sai da Baba mai gyara ya share shi ya sa sabon giris. Tun daga nan ba na cire gilashin a waje, kuma ina ajiye kyamarar cikin jaka mai zif.

Game da kuɗi, abin da na kashe a aikin da kai da kawo ya isa sayen L35AF mai aiki fiye da ɗaya, kuma da ɗan ƙari ana samun gilashin Voigtländer mai milimita 35 na hannu, wanda aka ƙera domin wannan mazauni tun farko, mai zoben haske da ke tsayawa daki-daki. Wanda gilashi mai kyau kawai yake nema, can ya dace ya nufa. Ba na kuma goyon bayan a farke kyamara mai rai domin a ciro gilashinta, domin an daina ƙera su, kuma kowace aka yanka ta tafi ke nan. Aikin ya dace da wanda ke da matacciyar kyamara mai lafiyayyen gilashi, musamman idan tana da tarihi a gidansu. Shi ma ya kafa sharaɗin haɗi da ma'aunin nisa da ƙofar haske a rubuce, ya nemi a aiko masa da hoton gwaji a mita 1 kafin kaya su baro shago, ya tambayi ko za a sa tiredi a gaba. Da na nemi hoton gwajin nan tun farko, da na tsira da wata 2.

Jikin tsohuwar kyamarar yana kan kanta a ɗakin mahaifiyarmu, na rufe ramin gilashin da baƙin kwali. Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauke ta hoto a bakin ƙofarta tana tsince shinkafa a faifai, a f/2.8, daga mita 1, fim ɗin yana cikin kyamara saura hoto 9 ya cika.