Farautar ɓoyayyun akwatuna a Rawene: sharhi kan manhajar Geocaching

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar ganewa. Wani zai ɓoye ƙaramin mazubi, galibi robar abinci mai murfi ko 'yar mitsitsiyar kwalba, ya sa takarda a ciki, ya ɗora lambobin GPS na wurin a intanet. Kai kuma ka bi wayarka har ka gano shi, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. An fara shi a watan Mayun 2000, da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke samu, wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon don ya gwada ingancin siginar. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

Ni na gwada manhajar ne a Rawene, wani ƙauye a bakin ruwan Hokianga da ke arewacin Niyu Zilan, tafiyar kusan awa huɗu a mota daga Auckland. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, babban titinsa na gangarawa har mashigar jirgin fito. Na zaɓe shi ne don in ga ko abin na da amfani a wurin da ba birni ba.

Ta fuskar aiki, manhajar ba ta da laifi. Taswira na nuna ɗigon kowane akwati, kibiya na nuna maka gaba da nisan da ya rage, kuma kowanne na da taurari daga 1 zuwa 5, na wuyar ganowa da na wuyar hanya. Wanda bai biya kuɗi ba yana ganin masu sauƙi ne kawai, kuma sun isa mutum ya ɗanɗana. Amma wanda zai shiga karkarar Hokianga gara ya biya kuɗin zama cikakken mamba, domin shi ne ke ba da damar adana jerin akwatuna da taswira a waya tun daga gida. Da ka bar bakin ruwa ka shiga tsakanin tuddai sai sabis ya ɗauke. Ƙarƙashin itatuwa kuma kibiyar kan yi ta rawa, ta ce saura mita biyar, ka matsa ta ce goma. Daga nan ido ne ke aiki, ba waya ba.

Akwatunan su kansu ba abin a zo a gani ba ne. Na tarar da wanda ruwa ya shiga, takardar ta jiƙe ta manne, ga alama mai shi ya daɗe bai leƙa ba. Abin da ke ciki kuwa tarkacen yara ne. Ribar wasan ita ce inda yake tsayar da kai, domin masu ɓoyewa kan zaɓi wurin da suke son baƙo ya gani, su rubuta ɗan bayani a shafin akwatin.

Ta haka na tsinci labarin harajin kare, wanda shi kaɗai ya biya mini kuɗin mai. A shekarun 1890 hukumar yankin ta sa wa kowane kare harajin sule biyu da sisi. Mutanen Maori ('yan asalin ƙasar) na Waima, kudu da Rawene, suna da karnukan farauta da yawa amma kuɗi ba ya shiga hannunsu sosai, sai suka ƙi biya ƙarƙashin jagorancin Hone Toia. Duk wanda ya ji labarin yadda jangali ya riƙa tayar da Fulani daga ƙasa zuwa ƙasa ya san ba adadin kuɗin ne matsalar ba, wa ya ba ka ikon ƙirga dabbobina ita ce maganar. A 1898 wasunsu suka shigo Rawene da bindigogi, mazauna garin suka watse, gwamnatin firaminista Richard Seddon ta turo sojoji sama da 120 da manyan bindigogi. Ranar 5 ga Mayu suka kama hanyar Waima, inda aka yi musu kwanton ɓauna a daji. Saƙon tangaraho daga ɗan majalisa Hone Heke Ngapua ne ya hana a zubar da jini. Toia ya miƙa wuya, aka ɗaure shi da wasu daga cikin mutanensa. Mutum zai iya ratsa Waima da gudu, ya ga shanu da ciyawa, bai san an taɓa yin haka a wurin ba.

A cikin Rawene akwai gidan Clendon, na James Clendon wanda ya taɓa zama ƙaramin jakadan Amurka a ƙasar kuma ya shaida yarjejeniyar Waitangi, wadda Birtaniya da sarakunan Maori suka ƙulla. Ya mutu a 1872 ya bar matarsa Jane, wadda mahaifiyarta 'yar Maori ce, da 'ya'ya takwas da tarin bashi, ita ta riƙe gidan. Gaba kuma, kusa da Horeke, akwai Mangungu, inda aka yi taro mafi girma na sa hannu a yarjejeniyar ranar 12 ga Fabrairun 1840, kwana shida bayan na Waitangi.

Sai dai kada a ɗauki shafin akwati a matsayin littafin tarihi. Kowa ke rubuta nasa. Wani ya yi bincike, wani layi biyu ya kwafo daga allon gefen titi, kuma sau da yawa labarin daga bakin Turawan da suka zo yake farawa, kamar kafin su babu kowa, alhali wannan ƙasar Ngapuhi ce, wata ƙabilar Maori, kuma a al'adarsu daga nan Kupe, matuƙin jirgin ruwan da ya gano Niyu Zilan, ya juya ya koma Hawaiki, mahaifar kakanninsu. Manhajar ta san lambobi, ba ta san hurumi ba. Kibiya za ta nuna maka miƙaƙƙiyar hanya ko da ta bi ta gonar wani, ko filin marae (dandalin taron Maori), ko maƙabarta. Marae ba a faɗa masa sai an yi maka iso, maƙabarta kuma wuri ne mai tapu, wato mai alfarma, har ruwa ake ajiyewa a ƙofa don wanke hannu in an fito. Ka bi titi ko da ya fi nisa.

Wani abu kuma da 'yan uwana ya kamata su sani: baƙo baƙar fata yana laluben gindin shinge a ƙauyen da kowa ya san kowa, dole a kalle shi. Ni dai na riƙa fara gaisuwa, kia ora, in nuna wayar in faɗi abin da nake nema. Ban ga wanda ya ɗaure mini fuska ba, kuma abin da na ji a irin wannan tsayuwar ya fi na shafukan yawa.

Zan ba manhajar tauraro huɗu cikin biyar. Ta dace da mai yara, da ɗalibin da hutu ya ishe shi a birni, da wanda ba ya son tafiyar da jagora ke ja. A tafi da biro, domin ƙananan akwatunan ba su da shi, da takalmin da ba a jin tausayinsa saboda taɓon bakin ruwa. In za a zarce dajin Waipoua ganin ƙaton itacen kauri da ake kira Tane Mahuta, a wanke takalmin a wurin da aka tanada a ƙofa, saboda cutar da ke kashe itatuwan kauri ta ƙasar da ke manne a ƙafa take yaɗuwa.