Libarbar Ruger GP100 mai cin harsashin .357 Magnum: ko ta isa abokiyar shiga daji?

Duk wanda ya zauna a gabashin Amurka kuma yake yawan kutsawa dazuzzukan tsaunukan Appalachia, ba zai rasa jin muhawarar da maharba ke yi a kan girman harsashin da ya dace mutum ya rataya a ƙugu ba. Ni dai na tsaya a kan Ruger GP100, libarbar da kamfanin ya fito da ita a shekarar 1985, samfurin da bututunsa ya ɗan haura inci 4, wanda gangarsa mai juyawa ke ɗaukar harsashi 6, kuma an ƙera shi da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, abin da ke da amfani ƙwarai a dajin da raɓa da ruwan sama ba sa yankewa.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne harsashin. Tun a 1935 kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fitar da .357 Magnum, wanda kwansonsa ya fi na .38 Special tsawo da kusan milimita 3, saboda haka bindigar da aka yi domin na farko tana cin na biyun, amma ta .38 ba ta karɓar .357. Ma'anar wannan ita ce mutum zai iya yin atisaye da harsashi mai araha wanda ba ya wahalar da hannu, sannan ranar shiga daji ya ɗura mai nauyin giram 10 zuwa 12, musamman irin na dalma mai tauri da ke ratsa tsoka da ƙashi. Akwai ma mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi na kamfanin CCI domin maciji, ko da yake a ganina kauce wa maciji ya fi harbinsa sauƙi.

Masu goyon bayan .44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, suna da hujja, domin dalmarsa da aka saba tana kai giram 15 da rabi, kuma ƙarfin bugunsa ya zarce na .357 nesa ba kusa ba. Sai dai na gwada shi a filin atisaye, na ga yadda shurinsa ke ɗaga bakin bindiga sama, ta yadda kafin in sake daidaita saiti na yi asarar lokacin da dabba mai rugowa ba za ta ba ni ba. Da GP100 kuwa harbi na biyu yana biyo na farko ba da jinkiri ba, saboda nauyinta, wanda ya haura kilo 1 da kaɗan, yana shanye shurin. A dajin da babbar barazanarsa baƙar beyar ce, wadda galibi gudu take yi idan ta ji motsin mutum, ko aladen daji da karnukan da suka gagara, wannan ya wadatar. Wanda zai nufi Alaska ko Montana ko Wyoming, inda beyar girizili take, wadda ta fi baƙar beyar girma da haɗari, lissafinsa daban ne, kuma ko a can jami'an gandun daji feshin barkono na korar beyar suke fara ba da shawarar a riƙe.

Nauyin nan da na yaba shi ne kuma abin da mai saye zai yi tunani a kai, don bayan tafiyar yini guda ƙugu yana sanin da ita, sai an haɗa ta da ɗamara mai kauri da kube mai kyau, ko kuma irin wanda ake ratayawa a ƙirji. Kunamarta tana buƙatar jan yatsa sosai idan ba a ɗana ta ba, kuma da yawa suna ganin kunamar libarbar Smith & Wesson 686 ta fi laushi, ko da yake 686 ɗin ta fi tsada. Ƙarar .357 kuma tana da kaifin da ke iya lahanta ji, don haka ba na atisaye sai da abin toshe kunne.

Dokar ɗaukarta ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma tun 2010 aka yarda a shiga gandun dajin ƙasa na Amurka (national parks) da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, amma harbawa a ciki haramun ne. Mai karatu a Najeriya ya lura cewa dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin makaman da aka hana mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.