Ina ya kamata ka ajiye lambobin sirrinka? Kwatanta zaɓi bayan abin da ya samu LastPass

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole, wanda muke zama majalisa ɗaya da shi bayan la'asar, ya tare ni da tambaya kwanaki. Ɗansa da ke karatu a jami'ar nan ta Damagaram ya ce masa ya daina amfani da lambar sirri guda ga Facebook da Gmail da asusun banki, ya nemi manhajar da ke ajiye su. Alhaji ya ce: "To malam, in kamfanin da na ba ajiyar ne aka yi wa sata fa? Ka ga na tara wa ɓarawo makullan gida da na shago a zobe guda ke nan." Ban yi masa dariya ba, don abin da yake tsoro ya riga ya faru.

A watan Agustan 2022 masu kutse sun shiga kamfanin LastPass, wanda aikinsa ke nan, ajiye wa miliyoyin mutane kalmomin sirri. Da farko kamfanin ya ce ba a taɓa bayanan abokan hulɗa ba. Sai ranar 22 ga Disamba ya fito ya ce an kwashi kwafin akwatunan ajiyar mutane. Yadda aka yi shi ne abin lura: mutum huɗu ne kacal ke riƙe da makullin babbar ma'ajiyar, sai ɓarayin suka bi ɗaya daga cikinsu har gida, suka shiga kwamfutarsa ta wata tsohuwar manhajar kallon fim mai suna Plex da bai sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya danna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar a ɗakin ma'aikaci take, ba a ofis ba.

Kalmomin sirrin da ke cikin akwatunan a kulle suke da babbar kalmar sirrin da kowane mutum ya zaɓar wa kansa, kuma kamfanin ba ya riƙe ta. Wanda tasa doguwa ce mai wuya, ɓarawo ya ɗauki akwati amma ya kasa buɗewa. Wanda tasa gajera ce, ɓarawo na da duk lokacin duniya ya yi ta gwadawa a kwamfutarsa ba mai hana shi. Adireshin shafukan da mutum ke shiga kuwa ba a kulle su ba sam, ɓarawo na iya ganin wa ke da asusun banki, wa ke harkar kirifto.

Shi ya sa na ce wa Alhaji ya daina tambayar wane kamfani ne ba a taɓa shiga ba. Yahoo an kwashe asusu biliyan 3 a 2013, ba a san cikakken adadin ba sai 2017. Equifax, mai tattara bayanan bashin Amurkawa, an fitar da maganin wata ɓaraka a manhajarsa a watan Maris 2017 bai saka ba, aka kwashe bayanan mutum miliyan 147, ya gano a ƙarshen Yuli, bai faɗa wa jama'a ba sai 7 ga Satumba. Uber, kamfanin motocin haya da ake kira ta manhajar waya, ya fi muni: a 2016 aka sace bayanan mutum miliyan 57, kamfanin ya ba ɓarayin dala dubu 100 (ta Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba) don su yi shiru, aka rufe zancen shekara guda, daga baya kotu ta samu shugaban tsaronsa da laifi a 2022. Tambayoyin da ke da amfani su ne: in an shiga, me ɓarawo zai iya karantawa? Kuma kamfanin zai faɗa maka da wuri ko sai ya gama shawara da lauyoyinsa? Da waɗannan biyun nake auna duk abin da ke tafe.

Mu fara da abin da yawancinmu ke yi: kalma guda a ka, galibi lambar waya ko sunan ɗan fari da shekarar haihuwa. Wannan ba ya cikin zaɓi. A watan Afrilun 2021 aka zuba bayanan masu Facebook miliyan 533 a fili kyauta, sunaye da lambobin waya, daga ƙasashe 106, Najeriya kaɗai kusan miliyan 9. Wanda ya maida lambar wayarsa kalmar sirri ya rubuta makullinsa a jikin ƙofa. Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ta fi duk kutsen ƙasashen waje haɗari: ka sayi sabuwar Tecno ko Itel, ka miƙa wa yaron shagon gyaran waya ya buɗe maka Gmail, shi ya zaɓi kalmar, wani lokaci ma lambarsa ya saka ta dawo da asusu. Kafin ka zaɓi komai a nan, fara canza wannan.

Littafi da biro. Masana kan yi wa wannan dariya, ni ba na yi. Ɗan kasuwar da ya iya adana kayen bashi shekara ashirin zai iya adana shafi biyu na kalmomin sirri. Ba mai kutsen da ke Rasha ko Legas da zai iya karanta takardar da ke cikin akwatinka a Birni. Ba ya bukatar rezo, ba ya bukatar caji, ba a biya. Rauninsa na cikin gida ne: yaron shago, baƙo, ruwan damina, gara, gobarar kasuwa. Kuma saboda rubutu da dannawa na da gajiya, mutum kan koma wa gajerun kalmomi. Ga wanda asusunsa ba su wuce biyar ko shida ba, littafin da ke kwana a gida cikin abin da ake kullewa, ba a aljihu ko shago ba, ya ishe shi. Sai dai littafi ba ya gane shafin ƙarya. In aka turo maka mahaɗa mai kama da Facebook, hannunka zai kwafa mata kalmar ba tare da ya yi gardama ba.

Ma'ajiyar Google da ke zuwa cikin waya. Kusan duk wayar Android tana da ita, ita ce ke tambayarka ko ta ajiye kalma in ka shiga wani shafi. Kyauta ce, tana ƙirƙiro maka kalma mai wuya, tana cika ta da kanta, kuma ba ta cikawa a shafin da adireshinsa bai yi daidai ba, wanda shi ne abin da littafi ya gaza. In waya ta faɗi a kan kabu-kabu, ka sayi wata, ka shiga Gmail, komai ya dawo. Amma a nan tsoron Alhaji ya fi tabbata: duk wanda ya samu Gmail ɗinka, ko ya san zanen buɗe allonka, ya samu duka. Mu kuma mutane ne masu barin waya wurin mai caji in wuta ta ɗauke, masu miƙa wa ƙane ya kira, masu buɗe allo a gaban kowa. Ga mafi yawan mutane a garin nan wannan zan ba shawara, da sharaɗi biyu: makullin allo na lambobi shida ko fiye wanda kai kaɗai ka sani, da makulli na biyu a kan Gmail ɗin kansa, wanda zan zo kansa.

Manhajoji na musamman, irin su Bitwarden da 1Password, dangin LastPass ke nan, don haka su ya fi kamata a yi wa tambayar. Dukansu suna kulle akwatin a wayarka kafin ya tafi wurinsu, ba su san babbar kalmarka ba, kuma in ka manta ta kana kai kaɗai, ba su da yadda za su buɗe maka. Bitwarden yana da tsarin kyauta da ya ishi mutum guda, kuma rubutun manhajarsa a buɗe yake, duk masanin da ya ga dama na iya dubawa ya fallasa kuskure. Ni wannan ya fi kwantar mini da hankali fiye da alkawarin talla. 1Password ya ƙara wata dabara: bayan kalmarka akwai wani dogon makulli mai harufa 34 da ake ƙirƙira a na'urarka, wanda kamfanin bai riƙe ba, ta yadda ko an kwashi akwatinka daga wurinsu, cankar kalmarka kaɗai ba ta buɗe shi. Da irin satar LastPass ce ta same shi, mai gajerar kalma ma da ya tsira. Matsalarsa a wurinmu ba shi da tsarin kyauta na dindindin, ana biya da katin banki mai aiki a intanet, kuma da kuɗin waje. Duk wanda ya taɓa fama da katin da ya ƙi wucewa ranar biya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin ƙungiya ko mai kamfanin da ke da ma'aikata da yawa masu amfani da asusu ɗaya, shi ya dace da 1Password. Ɗalibi ko ɗan kasuwa mai asusu talatin, Bitwarden.

LastPass kansa fa? Yana nan, ya ce ya gyara abubuwa da dama. Ni dai ba zan kai ajiyata wurin wanda sai da ya yi wata huɗu kafin na ji girman ɓarnar ba, alhali ga wasu a gefe.

Akwai KeePass, wanda ba kamfani a tsakani ko kaɗan. Akwatin wani fayil ne kulle da ke zaune a wayarka ko kwamfutarka, ana buɗe shi da KeePassDX a Android. Ba rumbun da za a fasa a kwashi na mutum miliyan. Amma kai ne mai gadi: in waya ta ɓata ba ka da kwafi a wani wuri, shi ke nan. Ban ba wanda ba ya sha'awar harkar kwamfuta shawararsa.

Yanzu makulli na biyu, wanda a ganina ya fi zaɓen ma'ajiya muhimmanci, don shi ke tare ɓarawon da ya riga ya samu kalmarka. Mafi sauƙi shi ne lambar da ake turowa ta saƙon waya. Ta fi babu nesa ba kusa ba, amma tana rataye ne da layi, layi kuwa ana iya sace shi: a 2019 ta haka aka ƙwace asusun Twitter na Jack Dorsey, shugaban Twitter ɗin da kansa a lokacin, aka maida lambarsa kan wani sim. Mu muna da namu ƙarin matsaloli. Mai fatauci tsakanin Damagaram da Kano yana da layin Nijar da na Najeriya, in ya tsallaka iyaka ta Magarya ko Matamaye saƙon na iya ƙin zuwa a daidai lokacin da yake son tura kuɗi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfanin waya kan karɓe ya sayar wa wani, sabon mai layin ya riƙa karɓar lambobinka.

Manhaja irin Google Authenticator ta fi. Tana fitar da lambobi shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, kuma a cikin wayar take lissafa su, ba ruwanta da rezo ko sim. Ko kana ƙauyen da ba sanda ko ɗaya, lambar na nan. Abin da ake mantawa shi ne ranar da waya ta ɓata. Lokacin da ka kunna wannan makulli, kana iya karɓar lambobin ko-ta-kwana guda goma daga Google, waɗanda za ka shiga da su in wayar ba ta hannunka. Ga inda littafin nan ya sake amfani: rubuta su da biro ka kai gida.

Na ƙarshe ɗan ƙarfe ne kamar makullin babur da ake sakawa a waya ko kwamfuta, irin YubiKey. Shi ba a yaudararsa da shafin ƙarya. Google ya ce tun da ya raba wa ma'aikatansa sama da dubu 85 irinsa a 2017, ba a samu wanda aka ƙwace wa asusun aiki ta hanyar saƙon yaudara ba, a bayanin da ya bayar a 2018. Sai dai sai ka yi saƙonsa daga waje, kuma biyu za ka saya don ɗaya na iya ɓata. Ɗan jarida, ma'ajin ƙungiya, mai riƙe da shafin da dubbai ke bi, su ya kamata su kashe wannan kuɗin.

WhatsApp nasa daban ne kuma ba ya cin ko dala: a saituna akwai tabbatarwa mai mataki biyu, ka saka lambobi shida naka. Yawancin waɗanda ake ƙwace wa WhatsApp ana roƙon 'yan'uwansu jaka goma da sunansu, lambar da aka turo musu suka karanta wa wani da ya kira ya ce daga zauren unguwa ko na tsofaffin 'yan makaranta yake. Lambar asusun kuɗi na waya kuma, ta Airtel Money ko Moov Money ko wani, kanka ne ma'ajinta. Kada ka adana ta cikin jerin sunaye, kada ka faɗa wa wakili ya danna maka.

In wani kamfani ko ofis na nan gida ya yi sakaci da bayananka, akwai hukumar kare bayanan jama'a a Yamai, HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, kuma ana iya kai mata ƙara. Wanda ke son sanin ko adireshin imel ɗinsa na cikin waɗanda aka taɓa kwashewa, shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ɗan Ostireliya ya buɗe a 2013, yana nunawa kyauta.

Alhaji dai bai saka Bitwarden ba. Ya ce idanunsa ba za su ɗauki ƙarin manhaja ba. Ɗansa ya canza masa kalmar Gmail zuwa jimlar kalmomi biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, suka cire lambar yaron shagon waya da aka saka shekara uku da suka wuce, suka kunna makulli na biyu, ma'ajiyar Google ta ɗauki sauran. Lambobin ko-ta-kwana goma suna cikin akwatin ƙarfen da takardun filinsa suke. Da na tambaye shi ko Hajiya ta san wurin, saboda halin rai, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai nuna mata in ya koma gida.