Wane irin zinki ya kamata a saya a kemis?

Jiki yana buƙatar sinadarin zinki domin ƙarfafa garkuwarsa, da warkewar rauni, da girman yara, kuma tun da ba ya ajiye shi da yawa, kullum sai an samar masa: miligiram 11 ga namiji baligi, 8 ga mace. Wanda yake samun nama, kifi, wake da gyaɗa a kai a kai ba lallai ne ya saya ba.

Inda sayen ya zama wajibi shi ne idan yaro yana gudawa. A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a ba yaron ruwan gishiri da sukari tare da zinki, miligiram 20 kullum tsawon kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. A nan zaɓi biyu ne, ƙwaya mai narkewa ko na ruwa. A ganina ƙwayar ta fi, domin awonta daidai yake, tana narkewa cikin cokali ɗaya na ruwa mai tsabta ko nonon uwa, alhali na ruwa sai an auna, kuma wajen awon ake yawan kuskure. Kada a karɓi maganin ƙarin jini ko na cin abinci a madadinta, kuma kada a daina bayarwa don gudawar ta tsaya a kwana na uku, abin da iyaye da yawa ke yi.

Ga manya kuwa, lambar da aka rubuta a kan kwali tana iya ruɗarwa. Ƙwayar zinc sulfate mai miligiram 220 tana ɗauke da kusan miligiram 50 ne na ainihin zinki, wanda ya haura iyakar miligiram 40 da aka gindaya wa baligi a rana, kuma daɗewa ana shan hakan yana hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe har ya kai ga ƙarancin jini. Sulfate ya fi araha amma yakan tayar da zuciya idan ba a ci abinci ba. Wani nau'in, zinc gluconate, mai ƙaramin awo ya fi dacewa da shan yau da kullum. Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin ko tetracycline ya tambayi likita tazarar da zai bari, domin zinki yana rage ƙarfinsu. A Najeriya, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin a biya kuɗi.